Frantz Fanon, likitan da ya kai majalisar hira cikin asibiti

'Yan kasuwar Arlit masu bin hanyar Asamaka zuwa Aljeriya, a waccan ƙasa aka binne wani baƙar fata likitan taɓin hankali, Frantz Fanon. An haife shi a tsibirin Martinik a 1925, ya yi karatun likita a birnin Liyon na Faransa.

A 1953 aka ba shi aiki a asibitin Bilida. Ya gwada dabarun da ya koyo a Turai, irin su tarukan tattaunawa da waƙe-waƙe. Matan Turawa suka karɓa, amma mazan Musulmi ko kallo ba su yi ba. Maimakon ya ɗora musu laifi, sai ya shiga nazarin yadda jama'arsu ke zama. Ya buɗe musu wurin shan gahawa, ya kawo mai ba da labari, aka riƙa bukin salla, aka share filin ƙwallo. Nan mutanen da suka yi gum suka fara fitowa. Duk wanda ya ga halin da magidanta suka shiga bayan rufe Cominak a 2021 ya san ciwon zuciya ba allura kaɗai yake so ba.

A 1956 ya ajiye aikin, ya bi masu neman 'yancin Aljeriya. Kansar jini ta kashe shi a Amurka a 1961, yana da shekara 36.