Shehu Muhammadu Bakatsine, Masanin Hisabi

Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillace ne, mutumin Katsina, ya yi karatu a hannun Malam Muhammadu Alwali na Bagarmi. Allah ya hore masa ilmin harufa, inda alif ke tsayawa 1, ba 2, jim 3, har a rubuta suna da lambobi, wanda bai san mabuɗin ba ya duba ya wuce. Da wannan nake jarraba almajiraina, su warware, amma ko ɗayansu bai taɓa jin sunan Shehun ba. Bayan ya tafi hajji, a 1732 ya wallafa littafi kan tsara hatimi. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasanul Jabarti, wanda ya bar wa littattafansa. Allah ya jiƙansa.