Mamman Shata: Daga Tallan Goro Zuwa Digirin Dakta

An haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa a shekarar 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, don a ganinsa waƙa roƙo ce. Shata ya kama tallan goro, amma hankalinsa na dandali, inda yake waƙa ba don kuɗi ba.

Daga Musawa ya koma Bakori, yana bin kasuwanni da bukukuwan ƙauyukan yankinmu. A 1952 ya yi wasa a bikin 'ya'yan sarki a Kano, daga nan sunansa ya cika Arewa. Funtuwa ta zame masa gida. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, aka binne shi a Daura. Allah ya jiƙansa.

Ni da nake fafutukar rubuta gajerun labarai, shekarun Bakori suka fi tsaya mini a rai. Ana cewa Shata ba ya zama ya tsara waƙa, da kalangu ya tashi sai ta zo. Haka ne, amma fa baiwar ta daɗe tana gogewa gaban manoma da 'yan kasuwa, waɗanda in waƙa ba ta yi armashi ba sai su watse. Mu kuwa mun ɓoye rubutunmu a waya, muna jiran ya nuna. 'Yan'uwa, kafin mu karɓi difloma, mu fito da shi a karanta, a gyara mana.