Nikolai Vavilov: Masanin da ya tara irin abincin duniya, yunwa ta kashe shi a kurkuku

A ranar 26 ga Janairun 1943 wani fursuna mai shekara 55 ya rasu a gidan yarin Saratov, birnin da ke bakin kogin Volga a ƙasar Rasha. Yunwa ce ta cinye shi, aka binne shi a ramin bai-ɗaya ba tare da wata alama ba. Wannan fursuna shi ne Nikolai Ivanovich Vavilov, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana neman hanyar da za a raba ɗan Adam da yunwa.

An haifi Vavilov a Mosko ranar 25 ga Nuwamban 1887, a gidan wani attajiri wanda ya taso cikin talauci a ƙauye. Ya yi karatu a Kwalejin Aikin Gona ta Mosko, sannan a 1913 ya tafi Ingila inda ya zauna wajen William Bateson, ɗaya daga cikin magabatan ilimin gadon halitta, wato yadda 'ya'ya ke ɗauko siffofin iyaye. A 1917 aka naɗa shi farfesa a Saratov. Yankin busasshe ne, ruwan sama kan yi wa manomansa gardama, don haka tun farko tambayar da ke gabansa ita ce wadda manomin Sahel ya sani sarai: wane iri ne zai jure fari, ya nuna da wuri, ya kuma tsira daga cuta?

A Saratov ɗin ne, cikin 1920, ya gabatar da ƙa'idar da ta fito da sunansa. Ya lura cewa tsirrai 'yan dangi ɗaya sukan bambanta ta hanyoyi masu kama da juna. Idan an ga wata siffa a alkama, akwai kyakkyawan zaton samun irinta a sha'ir, kuma haka abin yake a dangin wake, daga launin fure zuwa launin ƙwaya. Amfanin wannan ga mai inganta iri a fili yake: ya san abin da zai nema tun kafin ya gan shi. Abin da ya rage shi ne inda za a neme shi.

Neman amsar ne ya mai da shi matafiyi. A 1921, shekarar da fari da yunwa suka hallaka miliyoyin mutane a yankin Volga, ya koma birnin da daga baya aka kira Leningrad, ya karɓi ragamar cibiyar binciken tsirrai. Daga nan ya kutsa Afganistan a 1924, ya zaga ƙasashen bakin Bahar Rum a 1926, ya ratsa Habasha da ayarin alfadarai a 1927, sannan ya nufi Meziko da Kudancin Amurka. Duk inda ya sauka, kasuwa da gonar talaka yake fara nema, ya ƙulle 'yan ƙwayoyi a takarda, ya rubuta sunan wurin, ya aika gida. Ya gano cewa kowane amfanin gona yana da mahaifa, kuma a can ne ire-irensa suka fi yawa. Ya danganta masara da waken Amurka da yankin Meziko, ya sanya dawa da irin waken da muke ci a nan cikin amfanin da ya danganta da Habasha. Masanan da suka biyo baya sun gyara taswirarsa, suka ba Afirka ta Yamma matsayin da bai ba ta ba, amma a kan tubalinsa suka ɗora. Kafin 1940 rumbun cibiyarsa ya tara samfurin iri sama da 200,000, babu kamarsa a duniya a lokacin.

Sai dai inganta iri aiki ne na mai haƙuri. Kafin a haɗa iri biyu, a zaɓi 'ya'yansu damina bayan damina, a gwada su a gonaki daban-daban, akan ci shekara goma ko fiye. Gwamnatin Stalin kuwa sauri take yi. Tilasta wa manoma shiga gonakin haɗaka ya jefa ƙasar cikin mummunar yunwa a 1932 da 1933, mahukunta suna neman abin da zai wanke su. A nan ne tauraron Trofim Lysenko ya haska. Shi ya yi watsi da ilimin gado, ya ce idan aka jiƙa iri aka sanyaya shi za a sauya ɗabi'arsa, jikokinsa ma su gaji sauyin. Ya yi alkawarin sabon iri cikin 'yan shekaru kaɗan. Vavilov da kansa ya taɓa ƙarfafa masa gwiwa yana matashi, amma da aka zo ga hujja ya ƙi sa hannu a kan abin da gwaji bai tabbatar ba. Mai faɗa wa shugaba abin da yake son ji ya samu fada, mai faɗin gaskiya ya zama abin zargi. A 1935 aka sauke Vavilov daga shugabancin majalisar kimiyyar noma ta ƙasa, a 1938 Lysenko ya hau kujerar.

Ranar 6 ga Agustan 1940 aka kama shi yana tsakiyar tattara tsirrai a yammacin Yukren. An shafe watanni ana yi masa tambayoyi dare da rana bisa zargin zagon ƙasa da leƙen asiri. A Yulin 1941 aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗaurin shekara 20. Aka kai shi Saratov, garin da ya taɓa koyarwa.

Yana can a ɗaure, sojojin Jamus suka yi wa Leningrad ƙawanya ta kusan kwana 900. Ma'aikatan cibiyarsa suka zauna gadin rumbun cikin tsananin sanyi, suna korar ɓeraye, suna kare shi daga masu fasawa. Da dama daga cikinsu yunwa ta kashe su alhali abinci na kewaye da su. Aleksandr Shchukin, masanin gyaɗa, a kan teburinsa ya cika. Dmitri Ivanov, mai kula da shinkafa, ya mutu bai taɓa abin da aka ba shi ajiya ba. Babu shugaban da ke tsaye a kansu, amanar ce kaɗai ta riƙe su.

A 1955 kotu ta wanke Vavilov daga dukkan zargi, daga baya aka sa wa cibiyar sunansa. Lysenko ya rasa muƙaminsa a 1965, bayan ya jawo wa kimiyyar noman ƙasarsa koma-bayan da aka daɗe ana gyarawa.

Hanyar da Vavilov ya share ita ake bi har yau. Najeriya ce kan gaba a noman wake a duniya, kuma rumbun Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasa da Ƙasa da ke Ibadan na ajiye da samfurin wake sama da 15,000. Masanan Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na ci gaba da fitar da irin wake da dawa masu nuna da wuri. Duk ma'aikacin da takardar kuɗin irin wannan bincike ta biyo ta teburinsa, ko mai bai wa shugaba shawara a kansa, ya tuna cewa iri ba ya bin wa'adin mulki. Wanda ya ware kuɗin bana, da wuya ya kasance shi ne a kujera ranar girbi.