Abubakar Tafawa Balewa: Malamin Makarantar da Ya Kai Ƙarar En'e Gaban Majalisa

Yawancin 'yan Nijeriya sun san marigayi Alhaji Abubakar Tafawa Balewa ne a matsayin Firayim Minista na farko, wanda hotonsa ke jikin takardar naira biyar. Amma kafin ya hau wannan kujera a 1957, ya shekara goma yana ɗan majalisa, kuma a wannan tsakanin ne ya gabatar da ƙudirin da ya fi taɓa rayuwar talakan Arewa.

An haife shi a ƙasar Bauchi a 1912. Ba ɗan sarauta ba ne; mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, yana aiki ne a ƙarƙashin Hakimin Lere. Ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1928, ya gama a 1933, ya koma Midil ta Bauchi yana koyarwa har ya zama shugabanta. A wannan lokacin ya rubuta littafin Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934. A 1945 ya tafi Jami'ar Landan ya yi shekara guda yana nazarin aikin koyarwa.

Dawowarsa ta zo daidai da Tsarin Mulkin Richards, wanda ya kafa Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna. An zaɓe shi cikinta a 1946, daga nan aka tura shi Majalisar Dokoki ta ƙasa a 1947. Cikin waɗanda suka wakilci Arewa tare da shi akwai mutum biyu daga Lardin Neja, mai hedikwata a Minna: Aliyu Makaman Bida da Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, wanda masarautarsa ce Suleja ta yau.

Jawabansa na farko ba su yi wa 'yan kishin ƙasa na Kudu daɗi ba. Ya nuna cewa haɗin kan Nijeriya abu ne da Turawa suka tsara a takarda, al'ummomin ƙasar kuwa sun sha bamban a tarihi da addini da al'ada, don haka gaggawar neman mulkin kai za ta bar Arewa a baya. Ana iya ƙin wannan ra'ayi, an kuma ƙi shi ƙwarai a jaridun Legas. Sai dai tun daga lokacin aka gane cewa Arewa ta sami mai magana, mai Ingilishi tsantsa da murya mai kauri, wanda ba ya hanzari kuma ba ya ɗaga harshe. Daga baya ma har laƙabin mai muryar zinariya aka yi masa.

A watan Agusta na 1950 ya juya ga gida. Ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a kafa hukuma mai zaman kanta da za ta binciki tsarin mulkin En'e domin a gyara shi. Sai an tuna yadda abubuwa suke a wancan zamani kafin a gane nauyin wannan buƙata. A manyan masarautu doka ta ɗauki sarki shi kaɗai a matsayin En'e. 'Yan doka da gidan yari da kotunan alƙalai da karɓar haraji da jangali duk suna ƙarƙashinsa, ba mai tanka masa sai Razdan. Wakilan majalisar da ba Turawa ba kuwa, galibinsu ma'aikatan En'e ne, ita ce ta turo su, ita ce kuma ke biyansu albashi. Shi kansa mai ƙudirin ma'aikacin ilimi ne na En'en Bauchi. Wato dai bara ne ya tashi a bainar jama'a yana neman a binciki ubangidansa.

Hujjar da ya kafa ita ce ta fi jan hankali. Bai nemi a rushe sarauta ba. Ya nuna cewa bai wa sarki iko shi kaɗai baƙon abu ne, domin a tsarin da aka gada sarki na da 'yan majalisa da yake shawara da su, mulkin Turawa ne ya ɗaga shi sama da su. Da haka ya ƙwace makamin masu cewa gyara saɓa wa al'ada ne. Ya kuma ambaci abin da kowa ya sani amma ba a faɗa a zauren majalisa: cin hanci da ake sakaya shi da sunan gaisuwa, rashin horon ma'aikata, da talakan da bai san haƙƙinsa ba balle ya nema, ba kuma a tambayarsa ra'ayi kan yadda ake mulkinsa.

Ƙudirin ya tsallake da ɗan rinjaye ƙalilan, sarakuna da dama kuma suka fusata. Gwamnati ba ta kafa hukuma mai zaman kanta yadda ya nema ba. Ta ɗora wa jami'anta biyu, Maddocks da Pott, aikin binciken, sannan kwamitin haɗin gwiwa na majalisun Arewa ya duba rahotonsu. A 1952 aka soke matsayin sarki shi kaɗai a doka, aka mayar da shi sarki cikin majalisa, Dokar En'e ta 1954 kuma ta tattara gyare-gyaren wuri guda. Gyaran bai kai inda wasu suka so ba, tunda har a wancan lokacin sarki na da hanyar ƙin bin shawarar majalisarsa. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano cikin watan nan na Agusta 1950, ta ci gaba da ganin cewa an yi wa ciwon shafe-shafe ne kawai. Kotuna da gidajen yari da 'yan doka ba su fita hannun En'e ba sai bayan 1966, ita kanta En'e kuma sai a gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ta kau. Duk da haka, ƙudirin 1950 ne ya fara mayar da ikon sarki abin da ake muhawara a kansa a kuma kaɗa masa ƙuri'a.

A 1952 ya zama Ministan Ayyuka a Legas, daga baya na Sufuri. Yana cikin wakilan Arewa ranar 31 ga Maris 1953, lokacin da Anthony Enahoro ya kawo ƙudirin samun mulkin kai a 1956, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya nemi a cire shekarar a bar shi sai lokacin da ya dace. An yi wa wakilan Arewa ihu a titunan Legas, a watan Mayu kuma tarzoma ta ɓarke a Kano. Ra'ayinsa game da haɗin kan ƙasa ya sauya sannu a hankali, musamman bayan ziyarar da ya kai Amurka a 1955 don duba sufurin kogin Misisipi, inda ya ga jinsuna daban-daban sun zama ƙasa ɗaya. A Maris 1957, da Samuel Akintola ya sake kawo batun 'yancin kai, shi ne ya bayyana goyon bayan jam'iyyar NPC, ƙudirin ya wuce ba hamayya. A Janairun 1960 kuma shi da kansa ya gabatar da ƙudirin da ya nemi Birtaniya ta miƙa mulki ranar 1 ga Oktoba.

Ba duk abin da ya kai majalisa ne tarihi ya yi ittifaƙi a kansa ba. Ranar 29 ga Mayu 1962, bayan hargitsin da ya tashi a majalisar Ibadan, ya gabatar da ƙudirin kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma. Jagoran 'yan hamayya Obafemi Awolowo ya yi tsayin daka cewa rikicin bai wuce zauren majalisa ba, don haka babu dalilin dakatar da gwamnatin jiha. Rinjaye ya bi Firayim Minista, aka naɗa Dokta Moses Majekodunmi kantoma. Masu sukarsa na ganin a nan ne gwamnatin tarayya ta shiga faɗan cikin gidan jam'iyyar Action Group, rikicin Yamma kuma bai lafa ba har zaɓen 1965 da ƙone-ƙonen da suka biyo bayansa.

Daren 15 ga Janairu 1966 sojojin da suka yi yunƙurin juyin mulki suka ɗauke shi daga gidansa a Legas. Bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanya a wajen birnin, aka kai ta Bauchi aka binne. Yana da shekara 53.