Frankie Manning, ma'aikacin gidan waya da ya farfaɗo da rawar Lindy Hop

An haifi marigayi Frankie Manning ranar 26 ga watan Mayu 1914 a garin Jacksonville na ƙasar Amurka, amma a Harlem, unguwar baƙaƙen fata ta birnin New York, ya tashi. Bai shiga makarantar rawa ba. Da ido ya koya, yana kallon manya, har ya samu shiga sahun gwanayen zauren rawa na Savoy. A 1935 shi da abokiyar rawarsa Frieda Washington suka fito da salon da namiji ke wuntsila mace ta bayansa, ta dira daidai da kiɗa. Ya kuma fito a fim ɗin Hellzapoppin' na 1941.

Bayan ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, kasuwar kiɗan swing ta faɗi. A 1955 ya kama aiki a gidan waya, ya shafe shekara 30 a can, rawar kuwa ta kusa ɓacewa.

A 1986, yana da shekara 72, wasu matasa suka nemo shi ya koya musu. Daga nan ya shiga zagaya duniya, har garin Herräng na ƙasar Sweden, yana koyar da sababbin shiga da ƙwararru, haɗe da Shim Sham, wadda ake takawa ba tare da abokin rawa ba.

Ya rasu ranar 27 ga watan Afrilu 2009 yana da shekara 94. Ranar haihuwarsa ce ake bikin Ranar Lindy Hop ta Duniya.