Henry Bates, mai binciken ƙwari

An haifi Henry Bates a garin Leicester na ƙasar Ingila a shekara ta 1825. Yana ɗan shekara 13 ya fara koyon saƙar safa. In ya tashi daga aiki, sai ya nufi daji neman ƙwari.

A 1848, shi da abokinsa Alfred Wallace suka shiga jirgin ruwa zuwa Brezil. Bates ya yi shekara 11 a dazuzzukan kogin Amazon. Ya sha zazzaɓi da kewar gida, amma bai karaya ba. Ya tara halittu iri-iri fiye da 14.000, yawancinsu ƙwari.

A can ya lura da wani abin mamaki. Akwai malam-buɗe-littafi masu ɗaci, tsuntsaye ba sa cin su. Akwai kuma marasa ɗaci, amma launinsu ya yi kama da na masu ɗacin. Saboda haka su ma tsuntsaye suna ƙyale su.

Haka wani ƙudan furanni yake tsira. Jikinsa na da ratsin baƙi da ruwan ɗorawa kamar rina, amma ba ya harbi. Fukafukinsa biyu ne, na rina huɗu. Tsuntsun da rina ta taɓa harbi, in ya gan shi sai ya kauce.

Bates ya rasu a Landan a 1892. Har yanzu masana suna kiran irin wannan kwaikwayo da sunansa.