Kyaftin Arthur Rostron: Mutumin da Ya Juya Jirgi Kafin Ya Gama Wartsakewa daga Barci

Da wuya a sami ɗalibi a harabar nan da bai taɓa jin labarin Titanic ba, ko da a fim ne. Mun san ƙaton jirgin, mun san dutsen ƙanƙarar da ya kara da shi, mun san mutane sama da 1,500 sun halaka. Abin da da yawanmu ba mu taɓa tambaya ba shi ne, su wajen 700 ɗin da suka tsira, wa ya tsamo su daga tsakiyar teku? Wani kyaftin ne ɗan Ingila mai suna Arthur Henry Rostron, wanda aka tayar daga barci da tsakar dare, kuma cikin 'yan mintoci ya yanke shawarar da ta sa har yau ake kiran sunansa.

An haifi Rostron ranar 14 ga Mayu, 1869, a Astley Bridge kusa da Bolton, a arewacin Ingila. Yana saurayi ya shiga makarantar koyon aikin jirgin ruwa da ke kan wani tsohon jirgi mai suna Conway, ya yi shekara biyu a can. Daga nan aka kai shi koyon aiki a hannun wani kamfani a Liverpool, a kan jiragen da iska ke turawa. Wato dai shi ma ya yi nasa zaman SIWES ɗin, sai dai nasa ya fi namu wuya nesa ba kusa ba, don kuwa hawa dogayen sanduna ake yi a ɗaure filafilai ana tsaka da guguwa. A irin waɗannan jiragen ya zaga duniya, ya saba da aikin da in ka yi jinkirin minti ɗaya kowa zai ji a jikinsa.

A watan Janairu na 1895 ya shiga kamfanin Cunard a matsayin jami'i na huɗu a jirgin Umbria. Bai yi tsalle ba, mataki-mataki ya hau. Sai a 1907 aka fara ba shi jirgi nasa, wani jirgin kaya mai suna Brescia. A watan Janairu na 1912 aka ba shi Carpathia, jirgin fasinja mai matsakaicin girma da ke zirga-zirga tsakanin Niyok da tashoshin Bahar Rum. Abokan aikinsa sun yi masa wani laƙabi da ke nufin tartsatsin lantarki, saboda zafin namansa da saurin yanke shawara. An kuma san shi da riƙon addininsa.

Daren 15 ga Afrilu

Carpathia ya bar Niyok ranar 11 ga Afrilu, 1912, da fasinjoji sama da 700. Titanic kuwa ya taso daga Southampton tun ranar 10 ga wata, yana tafiyarsa ta farko, ɗauke da mutane fiye da 2,200 da kwale-kwalen ceto 20 kacal, waɗanda ba su isa ɗaukar ko 1,200 ba. Ƙarfe 11:40 na daren Lahadi, 14 ga wata, ya yi karo da ƙanƙara.

A zamanin, jirgi irin Carpathia mutum ɗaya ke kula da wayar iska, in ya kwanta shi ke nan, jirgin ya kurumce sai da safe. Mai wannan aiki shi ne Harold Cottam, ɗan shekara 21, sa'an yawancinmu. Ya gama aiki yana shirin kwanciya, sai ya tuna ya ji tashar Cape Cod tana da saƙonnin Titanic, ya ce bari ya sanar da su. Yana kira, wajen ƙarfe 12:25, amsar da ya samu ita ce sun yi karo da ƙanƙara, a kawo musu agaji maza.

Cottam ya ruga wurin jami'i na ɗaya, Horace Dean, suka faɗa ɗakin kyaftin ba ko ƙwanƙwasa ƙofa, abin da ba a yi a jirgin Turawa na wancan lokaci. A nan ne labarin ya ɗauki hanya. Rostron na jin maganar, sai ya ba da umarni a juya jirgi. Bayan ya ba da umarnin ne ya waiwayi Cottam ya tambaye shi ko ya tabbata da abin da ya ji.

A lura da yadda ya jera abubuwan nan biyu. In saƙon kuskure ne, asarar ba ta wuce ɗan kwal da ɗan lokaci ba, sai a sake juyowa. In kuwa gaskiya ne, duk mintin da aka ɓata ana tabbatarwa, da ran mutane za a biya shi. Ya auna asarar nan biyu a take, ya ɗauki wadda za a iya gyarawa.

Mil 58 cikin duhu

Da ya duba taswira, ya ga tsakaninsa da inda Titanic ya ce yake mil 58 ne na teku, kimanin kilomita 107, ya fi Kaduna zuwa Zariya. Gudun Carpathia na yau da kullum mil 14 ne a awa, wato tafiyar wajen awa huɗu. Kuma hanyar ta cikin ƙanƙarar da ta fasa jirgin da ya fi nasa girma sau uku za ta bi, ga duhu, ba farin wata, ba na'urar hango abu daga nesa irin ta yau. A bayansa kuma ga ɗaruruwan mutane suna barci, waɗanda amanarsu ke wuyansa.

'Yan sashen injiniya, ku matso kusa. Injin Carpathia da tururi yake aiki, kuma tururin nan shi ne ke ɗumama ɗakuna da ruwan wanka. Rostron ya kira babban injiniya, ya sa a tayar da masu zuba kwal da ke hutu su haɗu da na bakin aiki, a kuma rufe bututun ɗumama ɗakuna da na ruwan zafi, duk tururin ya tafi inji. Jirgin ya shiga gudun da bai saba yi ba, har jikinsa na rawa. Mutumin da bai san inda tururin jirginsa ke bi ba, ba zai taɓa tuna wannan dabara ba a irin wannan dare.

Sannan ya tara shugabannin sassa ya raba musu aiki dalla-dalla. Jirgin na da likitoci uku, ciki har da ɗan Italiya da ɗan Hangari, ya ba kowanne ɗakin cin abinci guda ya mayar da shi asibiti. Masu dafa abinci su tanadi shayi da kofi da miya mai zafi. A tattaro barguna. A buɗe ƙofofin gefen jirgi, a rataya tsani da raga da fitilu. A shirya kujeru masu igiya don janyo marasa lafiya, da buhunan kwashe toka don ɗauko ƙananan yara. A ajiye mai a kusa, in teku ta yi fushi a zuba don igiyar ruwa ta lafa. A rubuta sunan duk wanda aka ceto. Ya kuma ja kunne a yi komai shiru, kada fasinjojinsa su firgita su cika hanya.

Batun ƙanƙara ma bai bar shi ga sa'a ba. Ya ƙara masu tsaron gaba a goshin jirgi da samansa, ya ajiye jami'insa na biyu, James Bisset, a gefen ɗakin tuƙi ba abin da zai yi sai zura ido. Sun kauce wa duwatsun ƙanƙara da dama a hanya, wani ma da ƙyallin tauraro a jikinsa aka gane shi. Ya sa ana harba roka sama lokaci-lokaci don masu jira su san taimako na tafe. Bisset ya ba da labari daga baya cewa da aka gama shiri, ya ga kyaftin ya ɗan ɗaga hularsa, leɓɓansa na motsi yana addu'a. Ya ɗaure raƙuminsa tukuna, sannan ya yi tawakkali.

Abin da ya tarar

Ba a ɓoye gaskiya: Rostron bai riski Titanic ba. Jirgin ya nutse ƙarfe 2:20, shi kuwa ya iso wajen ƙarfe 4:00. Waɗanda suka faɗa ruwa sanyi ya riga ya kashe su, don ruwan ya kai sanyin daskarewa. Waɗanda ke cikin kwale-kwale su ne rabonsa. Wata koriyar wuta da jami'in Titanic na huɗu, Joseph Boxhall, yake kunnawa ce ta ja shi zuwa kwale-kwale na farko, wajen ƙarfe 4:10. Aka ci gaba da tsamo su ɗaya bayan ɗaya har wajen 8:30 na safe. Da yawansu mata ne da yara cikin kayan barci, sun kwana a fili cikin sanyi, kuma da gari ya waye iska ta fara tashi. Da ya tsaya jiran wayewar gari kafin ya motsa, Allah kaɗai ya san nawa za su kai labari. Da haske ya bayyana ne ma ya ga manyan duwatsun ƙanƙara sama da 20 kewaye da shi, ya gane irin hanyar da ya ratso.

Shawarwarin ba su ƙare ba. Ina za a kai mutanen? Halifax ta fi kusa, amma hanyarta ƙanƙara ce. Ci gaba da tafiya gabas kuma abinci da kayan shimfiɗa ba za su wadata ba. Ya zaɓi komawa Niyok, duk da hakan ya ɓata tafiyar kamfaninsa da ta fasinjojinsa. Da jirgin Olympic ya nemi a juye masa mutanen, Rostron ya ƙi, domin Olympic kamar an tsaga kara yake da Titanic, ganinsa kaɗai zai tayar wa waɗanda suka rasa 'yan'uwa hankali. Ya kuma sa wayar iska ta fifita aika sunayen waɗanda suka tsira da saƙonninsu a kan tambayoyin 'yan jarida. Suka isa Niyok daren 18 ga Afrilu.

Ɗaya jirgin

A daren nan akwai wani jirgi, Californian, wanda ya fi Carpathia kusa da wurin. Kyaftin ɗinsa, Stanley Lord, ya tsayar da shi saboda ƙanƙara, kuma wannan ba laifi ba ne. Mai wayarsa ya kashe na'ura ya kwanta kafin a fara neman agaji. Jami'an da ke gadi sun ga fararen rokoki guda takwas suna tashi, sun sanar da kyaftin, an yi ta tambayar launinsu da ma'anarsu, an gwada magana da fitila ba amsa. Amma ba wanda ya taka zuwa ɗakin mai waya ya tashe shi ya saurara, sai da asuba. Kwamitocin bincike na Amurka da na Ingila duk sun zargi Lord, shi kuma ya musanta har ya mutu a 1962, kuma har gobe ana gardama kan nisan da ke tsakanin jiragen biyu. Abin da ba a gardama a kai shi ne, tayar da mutum ɗaya daga barci ba zai ci su komai ba. Kowa ya tsaya jiran wani ya fara.

Bayan haka

Rostron ya ba da shaida a gaban kwamitin Majalisar Dattawan Amurka washegarin isowarsa. Majalisar Dokokin Amurka ta ba shi lambar zinariya, Shugaba Taft ya miƙa masa ita a 1913. Waɗanda ya ceto sun ba shi kofin azurfa, suka ba ma'aikatansa lambobin yabo. Haɗarin ya sa aka kafa dokar sauraron wayar iska dare da rana a manyan jiragen fasinja, aka kuma ƙulla yarjejeniyar kare rayuka a teku ta 1914. Shi kuwa ya ci gaba da aikinsa, ya riƙe shahararren jirgin nan Mauretania, aka ba shi sarautar Sir a 1926, ya zama babban kyaftin na Cunard a 1928, ya yi ritaya a 1931. Ya mutu ranar 4 ga Nuwamba, 1940, yana da shekara 71. Carpathia kuwa jirgin yaƙin Jamus na ƙarƙashin ruwa ne ya nutsar da shi a watan Yuli na 1918.

To, mu da ke ɗaki da bita muna jiran ND ko HND, me ya shafe mu? Gobe wani cikinmu zai tsaya gaban tukunyar tururi da allurarta ke hawa, ko allon wuta da ya fara ƙauri, ko gini da aka ga tsaga a ginshiƙinsa, oga kuma ba ya kusa, wayarsa a kashe. Tsoron da zai zo ba na mutuwa ba ne, na kunya ne: kada in kashe inji a ce na yi azarɓaɓi, kada in tashi manya a ce yaro ya cika rawar kai. Cottam ɗan 21 ne, ya banka ƙofar kyaftin. Rostron kuma da ya ji, ya fara da matakin da za a iya warwarewa in ya zama kuskure, sannan ya yi tambaya.

Saurinsa ma ba daga sama ya faɗo ba. Shekara 27 ya yi a kan ruwa kafin wannan dare, ya san jirginsa tun daga bututun tururi har buhun toka, shi ya sa da lokaci ya ƙure bai tsaya neman abin yi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke zille wa aikin bita yanzu, yana kwafar rahoto a hannun aboki, ranar da ƙararrawa ta kaɗa a wurin aiki ba shi da abin da zai ɗebo a kansa sai tsoro. Don haka in an shiga bita makon nan, a tambayi malam ina makashin gaggawa yake, a kuma sa hannu a taɓa shi.